Kalmomin tsiya da ƙasƙanci a Turanci da Holanci: inda suka samo asali da abin da suke jawowa a kotu

A ranar 26 ga Afrilun 2023, Raad van State, wato kotun ƙoli ta ƙasar Holan a shari'o'in da ke tsakanin mutane da gwamnati, ta hana hukumomin ƙasar mayar da wasu masu neman mafaka zuwa Italiya a ƙarƙashin tsarin Dublin, wato dokar Tarayyar Turai da ke fayyace wace ƙasa ce za ta saurari buƙatar mai neman mafaka. Mutum biyu ne suka kai ƙarar, ɗaya ɗan Najeriya, ɗayan kuma ya ce shi ɗan Eritiriya ne. Hujjar kotun ita ce, tun a Disambar 2022 Italiya da kanta ta sanar da sauran ƙasashen Turai cewa ba ta da masaukin da za ta ajiye waɗanda ake mayar mata. Idan aka tura mutanen, akwai fargabar su rasa makwanci da abinci da ruwa.

A Turanci, irin wannan hukunci kan kalma guda yake tsayawa, wato *degrading*, mai nufin abin da ke wulaƙanta mutum, da 'yar'uwarta *degradation*. Mai karatu da ya ɗauko ƙamus don ya ga takwararta a Holanci zai tarar da *degradatie*, ya ɗauka magana ta ƙare. Amma da zai buɗe jaridar Holan ya nemi wannan kalma, shafin wasanni za ta kai shi. A can, ma'anarta ta yau da kullum ita ce faɗawar ƙungiyar ƙwallon ƙafa daga babbar gasa zuwa ta 'yan dagaji. Alƙalan Holan da wasu kalmomi dabam suke aiki, kuma ba guda ɗaya ba.

Wannan ruɗani bai tsaya kan *degradation* ba. Duk kalmomin da Turanci ke kwatanta ƙunci da wulaƙanci da su, irin su *wretched*, *misery*, *abject*, *squalor*, *destitute* da *depraved*, suna ba masu fassara zuwa Holanci wahala. Dalilin kuwa shi ne kusan kowacce tana ɗauke da abu biyu a dunƙule: halin da mutum ya tsinci kansa a ciki, da hukuncin da jama'a suka yanke a kan shi kansa mutumin. Turanci yakan bar su a haɗe. Holanci kuwa sau da yawa yakan tilasta wa mai fassara ya zaɓi ɗaya.

## Dangi na kusa da suka raba hanya

Turanci da Holanci tsatsonsu ɗaya, reshen yamma na harsunan Jamusawan dā. Holanci shi ne harshen Holan da arewacin Beljiyam da Suriname, ana kuma aikin hukuma da shi a tsibiran Aruba, Curaçao da Sint Maarten. Shekara dubu da suka wuce, kalmomin harsunan biyu sun yi kama sosai. Talaka a tsohon Turanci *earm* ne, a Holanci kuma har gobe *arm* ne, talauci kuma *armoede*.

Abin da ya raba su yaƙi ne. A 1066 Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila, kuma ƙarnoni bayan haka Faransanci da Latin ne harsunan fada da kotu da coci. Kalmar *earm* ta mutu, *poor* da ta zo daga Faransanci ta gaje ta. Haka *misery*, *abject*, *destitute*, *squalor* da *degradation* duk suka shigo daga Latin, wasu kai tsaye, wasu ta hanyar Faransanci. Sai Turanci ya wayi gari da kalmomi hawa biyu: na gado kamar *wretched* da *forlorn*, waɗanda suka fi taɓa zuciya, da na aro waɗanda suka fi zama a bakin alƙali da malamin coci da ma'aikacin ofis.

Holanci ma ya yi aro daga Faransanci, kuma ba kaɗan ba. Yana da *misère* da *miserabel*, a Beljiyam kuma *miserie* tana bakin kowa. Sai dai al'adar ƙera kalma daga kayan gida ta yi ƙarfi a wurinsu. Masanin lissafi Simon Stevin, wanda ya rayu daga 1548 zuwa 1620, ya dage a kan a yi ilimi da harshen gida, kuma shi ya yaɗa *wiskunde* a matsayin sunan lissafi, alhali yawancin Turai sun ari kalmar Girka. Amfanin wannan ga batunmu a fili yake. Ɗan Holan yana jin gaɓoɓin kalmarsa da kunnensa. Idan ya ce *vernederen*, wato wulaƙantawa, yana jin *neder* a ciki, ma'ana ƙasa, ita ce dai ke farkon sunan ƙasarsa, Nederland. Baturen Ingila da ya ce *humiliate* ba ya jin *humus*, kalmar Latin ta turɓaya, sai in ya yi karatun harshen.

## Korarre ne asalin matsiyaci

Kalmar Turanci da ta fi tsufa a wannan fage ita ce *wretch*. A tsohon Turanci *wrecca* ce, kuma ma'anarta wanda aka kora daga ƙasarsa, ɗan gudun hijira. Ta fito daga aikatau mai nufin kora ko ɗaukar fansa, wanda ya rage a Holanci a matsayin *wreken*, ramuwa. A zamanin da mutum ba shi da kariya sai ta danginsa da ubangidansa, wanda aka kora ya rasa gona, ya rasa mai tsaya masa a shari'a, ya rasa mai neman diyyarsa in an kashe shi. Ba a daɗe ba sunan korarre ya zama sunan duk wanda duniya ta juya wa baya. A Jamus kuwa kalmar ta bi wata hanya: korarren da ke yawo da takobinsa yana neman ubangida ya zama abin yabo, har *Recke* ta koma nufin jarumi.

Takwarar *wretchedness* a Holanci ita ce *ellende*, siffarta kuma *ellendig*. Ba su haɗa asali da kalmar Turancin ba ko kaɗan, amma labarinsu ɗaya. *Ellende* haɗin gaɓa biyu ce, *el* mai nufin wani dabam, da *land*, ƙasa. A Holancin tsakiyar zamani tana nufin baƙuwar ƙasa, ko zaman gudun hijira. Jamusanci na da irinta, *Elend*. Ke nan harsunan biyu, kowanne ta tasa hanya, sun ɗauki rabuwa da gida a matsayin ma'aunin ƙunci.

Addini ne ya kafa *ellende* a zukatan 'yan Holan. Littafin koyar da aƙida na Heidelberg, wanda aka rubuta a 1563 kuma cocin Furotesta na Holan ya runguma, kashi uku aka raba shi, kuma ƙarnoni yara suna haddace sunayensu: *ellende*, *verlossing*, *dankbaarheid*, wato ƙunci, ceto, godiya. Ƙuncin da ake nufi a nan na zunubi ne, ba na aljihu ba. A wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa da ke cikin Baibul, sura 7 aya 24, fassarar Turanci ta 1611 ta yi amfani da *wretched*, fassarar Holanci ta 1637 kuma ta sa *ellendig*. A wannan wuri kalmomin biyu sun dace da juna daram.

A wajen coci ne suke sauka daga layi ɗaya. Yau ɗan Holan zai kira cunkoson mota *ellende*, ya kira yaƙi *ellende*. Kalmar ta zama ta kowa da kowa, ta yi kusa da yadda ake amfani da "wahala". *Wretched* kuwa a Turancin yau tana da ƙamshin littafi, in ban da inda ake amfani da ita don tsaki. Sannan idan aka zo kan mutum, *wretch* tana iya zama abin tausayi, tana iya zama zagi, sai yanayin magana ya bambance. Holanci ya raba su gida biyu: wanda ake jin tausayinsa *stakker* ne ko *stumper*, wanda ake zagi kuma *ellendeling*. Mai jin Hausa ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin "matsiyaci" ma haka take. Ana faɗinta ga wanda ba shi da ko sisi, ana kuma faɗinta ga mai kuɗin da halinsa ya ɓaci.

Sunayen littattafai biyu na Faransanci sun nuna yadda zaɓin yake. Littafin Victor Hugo na 1862, *Les Misérables*, Turawan Ingila sun saba barin sunansa yadda yake, amma a Holanci an san shi da *De ellendigen*, wadda ta riƙe harshen damon da ke cikin asalin: talakawa ne, ko miyagu? Littafin Frantz Fanon na 1961 kan mulkin mallaka kuwa, *Les Damnés de la terre*, sunansa na nufin la'anannun duniya. Turanci ya mayar da shi *The Wretched of the Earth*, Holanci kuma *De verworpenen der aarde*, wato waɗanda aka jefar. Bambancin ba ƙarami ba ne. Kalmar Turancin ta faɗi halin da mutanen ke ciki ta yi shiru. Ta Holancin tana nuna akwai hannun da ya yi jifar.

## Tausayi ko zargi

*Abject* ita ce tarkon da ɗalibai suka fi faɗawa. Asalinta Latin ne, ma'anarta abin da aka jefar. Holanci ma yana da kalmar, harafi da harafi, amma a can kusan kullum hukunci ce kan ɗabi'a: abin ƙyama, abin Allah wadai. Ɗan siyasar Holan zai kira kalaman abokin hamayyarsa *abject*. Don haka *abject poverty*, wadda a Turanci ke nufin baƙin talauci ba tare da zargin kowa ba, idan aka kwafe ta kai tsaye sai ta yi kamar ana tsine wa talaucin ko masu shi. Masu fassara na ƙwarai sukan ce *bittere armoede*, talauci mai ɗaci, ko *schrijnende armoede*, talauci mai raɗaɗi. Hukumomin duniya kuwa sun kauce wa rigimar gaba ɗaya, suka koma ga *extreme poverty*, a Holanci *extreme armoede*, wadda ake aunawa da lamba. Bankin Duniya ya sa iyakar a dala 2.15 a rana a 2022, ya ɗaga ta zuwa dala 3 a 2025.

Zamewar kalma daga "talaka" zuwa "mugu" tsohon abu ne a harsunan biyu. *Mean* ta Turanci da *gemeen* ta Holanci kalma ɗaya ce a asali, ma'anarta gama-gari, abin da kowa ke da rabo a ciki. Ma'anar farko tana nan a *gemeente*, ƙaramar hukuma, da *algemeen*, na bai-ɗaya. Amma yau idan aka kira mutum *mean* ko *gemeen*, mugunta ake nufi. *Villain*, mugun cikin labari, asalinsa manomin da ke aiki a gonar ubangida ne. *Vile* daga kalmar Latin mai nufin araha ta fito. *Slecht*, wadda ita ce "mummuna" a Holanci, dā tana nufin abu shimfiɗaɗɗe marar ado. Waɗanda suka riƙe alƙalami a waɗancan ƙarnoni ba talakawa ba ne, kuma alamar hakan ta zauna a ƙamus.

*Squalor* ba ta da takwara guda a Holanci. Ta haɗa ƙazanta da talauci da sakaci a kalma ɗaya, don haka sai an warware ta: *vervuiling* ko *smerigheid* idan datti ake nufi, *erbarmelijke omstandigheden* idan yanayin rayuwa mai ban tausayi ne. Na farkon na iya nuna mazauna gidan da yatsa, na biyun yana nema musu jinƙai. *Destitute*, wato wanda ba shi da komai, ta fi sauƙi, akwai *berooid* da *straatarm*. *Depraved* kuma *verdorven* ce, ruɓaɓɓe, kalmar da ta yi nauyi a muhawarar aƙida tun taron cocin Dordrecht na 1618 zuwa 1619. *Degenerate* ita ce *ontaard*, wanda ya fita daga ɗabi'arsa ta asali, kuma tana ɗauke da tabon tarihi, domin takwararta ta Jamusanci ce 'yan Nazi suka liƙa wa zane-zanen da suka haramta a baje kolin Munich na 1937.

Akwai ma inda aron ya bi ta ɗaya ɓangaren, aka kuma yi kuskure. *Forlorn hope*, wadda Turawan Ingila ke faɗa kan fatan da ba shi da makoma, daga Holanci aka ɗauko ta a ƙarni na 16. *Verloren hoop* na nufin rundunar da aka sallama, sojojin da ake turawa gaba da sanin cewa da wuya su dawo. *Hoop* a nan tari ne ko gungu, ba fata ba. Kunnen Ingilishi ya ji abin da ya saba ji.

## Kalma ɗaya, ƙofa huɗu

*Degradation* daga *gradus* ta fito, wato mataki ko muƙami a Latin. Ma'anarta ta farko tuɓe wa mutum muƙami ne a bainar jama'a, limamin coci ko hafsan soja. Misalin da tarihi ya fi riƙewa shi ne na Kyaftin Alfred Dreyfus, wanda a ranar 5 ga Janairun 1895 aka yage masa alamun muƙami aka karya takobinsa a farfajiyar makarantar soja ta Paris, bisa zargin cin amanar ƙasa da daga baya aka tabbatar ƙarya ne.

Daga nan Turanci ya faɗaɗa kalmar har ta rufe abu huɗu: rage muƙami, lalacewar abu kamar ƙasar noma, taɓarɓarewar ɗabi'a ko unguwa, da cin mutuncin ɗan Adam. Holanci ya ba kowanne ƙofarsa. *Degradatie* ta tsaya kan rage muƙami da wasanni, sai kuma rubutun kimiyya, inda ake cewa *bodemdegradatie* ga ƙasar da ta gaji. Da ƙungiyar Vitesse ta faɗi daga Eredivisie, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Holan, a 2024 bayan an zabtare mata maki 18, *degradatie* aka kira abin. Ajax da PSV da Feyenoord kuwa ba su taɓa ɗanɗana ta ba tun da aka kafa gasar a 1956. Taɓarɓarewa ita ce *verval* ko *verloedering*. Cin mutunci kuma yana da kalma biyu, *vernedering* da *ontering*, kuma a nan ne maganar ta shiga hannun lauyoyi.

## Inda kalmar ta zama hukunci

Sashe na 5 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya haramta azabtarwa da duk wata mu'amala ta rashin imani ko ta wulaƙanci. Sashe na 3 na Yarjejeniyar Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta 1950 ya maimaita haramcin, haka ma sashe na 34 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999. A Turanci duka ukun *degrading* suka ce. A Holanci kuwa, Sanarwar 1948 da yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984 sun yi amfani da *onterend*, yarjejeniyar Turai kuma *vernederend*.

Kalmomin biyu ba abu ɗaya suke nunawa ba. *Onterend* daga *eer* take, daraja ko girma, kuma tana nufin raba mutum da darajarsa a idon jama'a. A tsohon amfani har keta haddin mace ana kira da ita. *Vernederend* kuwa saukar da mutum ƙasa ne, ko da ba wanda ya gani. Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg ta karkata ga fahimta ta biyu: ta ce ya isa a ce mutum ya wulaƙanta a idon kansa. A shari'ar Ailan da Birtaniya ta 1978, kan dabaru biyar da jami'an Birtaniya suka yi amfani da su wajen tambayar waɗanda aka tsare a Ailan ta Arewa, ciki har da rufe kai da buhu da hana barci, kotun ta bayyana mu'amalar wulaƙanci a matsayin wadda ke cusa tsoro da zullumi da jin ƙasƙanci. Holan kanta ta sha kaye a kan Sashe na 3 na yarjejeniyar Turai a Fabrairun 2003, saboda yadda ake tuɓe fursunoni tsirara duk mako ana bincike, shekara da shekaru, a kurkuku mai tsananin tsaro da ke Vught.

A 2011 aka buɗe sabon babi. A shari'ar da aka sani da M.S.S., kotun ta ce Girka ta wulaƙanta wani ɗan Afganistan mai neman mafaka ta hanyar barinsa watanni yana kwana a titunan Athens ba abinci ba wurin wanka, kuma Beljiyam ta yi laifi da ta mayar da shi can tana sane. Daga ranar, talauci kansa, idan ya kai wani matsayi kuma hukuma ta kau da kai, ya shiga ma'anar *degrading*.

Wane matsayi ke nan? Kotun Tarayyar Turai da ke Luxembourg ta amsa a ranar 19 ga Maris 2019, a shari'ar wani ɗan Gambiya da Jamus ke son mayarwa Italiya. Ta ce sai mutum ya kai ga kasa biyan buƙatunsa na farko, ci da tsaftar jiki da makwanci, har lafiyarsa ta taɓu ko ya shiga halin da bai dace da martabar ɗan Adam ba. Wannan hali, rubutun Turanci ya kira shi *degradation*. Rubutun Jamusanci, wanda shi ne harshen shari'ar, ya ce *Verelendung*, tsunduma cikin tsiya, ga tsohuwar *Elend* nan a tsakiyarta. Rubutun Holanci ya ce *achterstelling*, wato barin mutum a baya, kalmar da aka saba amfani da ita ga ƙungiyar da aka tauye wa dama. Ita ce mafi sanyi a cikin ukun. Inda Turanci ya ce *extreme material poverty* kuma, Holanci ya ce *zeer verregaande materiële deprivatie*, jimlar da ba wanda ke faɗinta a kasuwa, amma ita ce ma'aunin da Raad van State ta ɗora hukuncinta na 2023 a kai.

Ra'ayi ya rabu kan irin wannan harshe. Masu kare shi na cewa kalmar doka ba don ta motsa zuciya aka yi ta ba. Ana son ta zama tsayayya, ta nufi abu ɗaya a dukkan harsunan hukuma 24 na Tarayyar Turai, kuma kalma mai zafi kamar *ellende* ta yi faɗi da yawa, kowa zai cusa abin da yake so a ciki. Masu suka kuwa na ganin kalmar da aka wanke ta tas tana sauƙaƙa wa jami'i ya ƙi amincewa da buƙata ba tare da ya hango mutum kwance a bakin titi ba. Kowane ɓangare na da abin kamawa, domin ita kanta kotun Luxembourg ta ce tsananin rashin tabbas ko taɓarɓarewar yanayin rayuwa kaɗai bai kai ma'aunin ba.

A wajen kotu, jama'a da tasu kalmar. A Agustan 2022, lokacin da ɗaruruwan masu neman mafaka suka riƙa kwana a fili a ƙofar cibiyar rajista ta Ter Apel, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta tura ma'aikata cikin Holan a karon farko a tarihinta, kalmar da ta cika jaridu ita ce *mensonterend*, mai zubar da darajar ɗan Adam.

## Rotterdam da kalmar lalacewar unguwa

*Verloedering* ta cancanci a tsaya a kanta, domin ta zama kalmar siyasa. Tana nufin unguwa ta lalace: shara, gidajen da ba a gyarawa, masu sayar da ƙwaya, hayaniya. 'Yar'uwarta *verpaupering* ta fi nuni ga talaucewa. *Verloedering* ta yi tashe a farkon shekarun 2000, lokacin da jam'iyyar Leefbaar Rotterdam ta Pim Fortuyn ta lashe zaɓen birnin a 2002. Daga wannan yanayi aka samu dokar da ake kira Rotterdamwet, wadda ta fara aiki a 2006. Ta ba hukumar birni ikon hana mutum izinin kama haya a wasu unguwanni idan ba shi da kuɗin shiga daga aiki kuma bai kai shekara shida a yankin ba.

Magoya bayan dokar na cewa tsofaffin mazauna unguwannin, waɗanda su ma talakawa ne, su suka fi shan wahalar lalacewar, kuma ba laifi ba ne a kira abu da sunansa. Masu adawa na cewa kalmar ta mayar da talauci ya zama halin mutane, ta sa ana kallon matalauci a matsayin sanadin lalacewa maimakon wanda ta shafa. Wani bincike da masana na Jami'ar Amsterdam suka yi a 2015 bai ga shaidar cewa dokar ta inganta unguwannin ba, amma a 2017 babban zauren kotun Strasbourg ya ce ba ta saɓa wa 'yancin zaɓen wurin zama ba.

Tunanin ba sabo ba ne. A 1818 Johannes van den Bosch ya kafa ƙungiyar da ta riƙa kwashe matalautan birane zuwa gonaki a arewacin Holan don a gyara su da aiki, wasu da yardarsu kamar a Frederiksoord, mabarata da marayu kuma ala tilas kamar a Veenhuizen. Ingila ta yi nata a dokar matalauta ta 1834, inda aka tsara gidajen aiki su fi rayuwar leburan da ya fi kowa talauci tsanani, don kada kowa ya yi sha'awar shiga. Kalmar *pauper* ta yi aiki a ƙasashen biyu, kuma a duka biyun ta wuce bayanin aljihu, ta zama sunan wani jinsin mutane.

## Abin da wannan ke nufi ga mai neman mafaka da mai fassara

Wanda abin ya fi shafa shi ne mutumin da ke zaune gaban jami'in hukumar shige da fice ta Holan, IND. Hirar ta bakin tafinta ake yinta, rahoton kuma da Holanci ake rubuta shi. Idan ya ce an wulaƙanta shi a ƙasar da ya fara sauka, abin da zai shiga takarda ya danganta da kalmar da tafinta ya zaɓa, kuma *ellende* ko *slecht behandeld*, wato an yi masa mummunar mu'amala, ba su da nauyin doka irin na *vernederend*. Ko ita ma wannan ba ta wadatar ita kaɗai. Ma'aunin 2019 abubuwa na zahiri yake tambaya: ina ya kwana, dare nawa, me ya ci, ina ya yi wanka, ya nemi taimakon hukuma ko bai nema ba, me aka ce masa. Tsarin ya ba shi damar duba rahoton tare da lauyansa ya shigar da gyara da ƙari, kuma a wannan mataki ne ake kama kalmar da ta kauce.

Ga ɗalibai da 'yan jarida da masu dogaro da manhajar fassara, haɗarin ya fi yawa a kalmomin da suka yi kama a ido: *abject* da *abject*, *degradation* da *degradatie*. Manhajoji sau da yawa ta Turanci suke bi idan za su haɗa harsuna biyu da ba su da yawan rubutu a tsakaninsu, don haka bambancin da Holanci ya yi tsakanin *stakker* da *ellendeling*, ko tsakanin *onterend* da *vernederend*, yana iya narkewa a hanya kafin ya iso.

Dokokin da ke tsara wace ƙasa ce za ta saurari buƙatar mafaka suna canzawa. Tarayyar Turai ta amince da sabon kundin ƙaura da mafaka a 2024, wanda aka tsara zai fara aiki a tsakiyar 2026 ya maye gurbin tsarin Dublin. Sashe na 4 na Kundin Haƙƙoƙin Tarayyar, mai haramta mu'amalar rashin imani da ta wulaƙanci, bai canza ba, kuma da shi kotunan Holan za su ci gaba da auna duk wani yunƙurin mayar da mutum wata ƙasa.